Ƙoƙon Kwakwa

Ƙarfe huɗu na asuba, fitilar Itticheria
tana lilo a goshinsa tsakanin itatuwan roba.
Ni kuwa ina kwance, ido biyu,
ina ƙirga dalilan da za su hana ni tashi.

Na ce sai damina ta ɗauke.
Ta ɗauke, na ce sai bayan Kirsimeti.
Aka sauke taurarin takarda daga ƙofar gida,
na ce azumi ya ƙarato, bari a ga Ista.
Shekara shida ina biyan bashin yau da kuɗin gobe,
gobe kuwa ba ta taɓa shiga aljihuna ba.

Littafin yana cikin gwangwanin biskit, ƙarƙashin gado:
labarin kakata Sosamma, mai fito a kogin Minachil,
wadda ta yi shekara talatin tana haye da masu zuwa sujada
ba ta karɓi ko sisi ran Lahadi ba.
A kansa wasiƙu bakwai, ɗaure da zaren buhun shinkafa,
biyar daga Kottayam, biyu daga Kochi.
"Mun gode, amma bai dace da tsarinmu ba."
Wata ta ce wa'azi ya yi yawa.
Wata ta ce wa'azin bai isa ba.
Ta bakwai ko sunana ba ta rubuta daidai ba.

Sai na ɗinka wa tsorona farar riga,
na raɗa masa suna Jiran Ubangiji.
In Fada Kuriakose ya tare ni bakin majami'a,
"Aleyamma, ina littafin?"
sai in sunkuya: "Lokaci na Allah ne, Fada."
Ashe kasalata nake shanyawa a igiyar Allah.

Wata Talata ruwa ya ɓarke bayan an gama tsaga.
Na leƙa ta taga, ga tsoho yana bin itatuwa ɗaya-ɗaya,
yana kifar da ƙoƙunan kwakwa:
farin ruwan roba ya tsinke, ya zama banza,
aikin bishiya ɗari uku ya bi ƙasa.
Na kai masa shayi. Na ce, "Sannu da asara."
Ya hura, ya kurɓa.
"Ruwa ya ci nasa," ya ce. "Alhamis zan dawo."
"In ya sake zubowa fa?"
Ya dube ni kamar na tambaye shi ko kogi ya san hanya.
"Ni wuƙa aka ba ni, malama. Ba a ba ni gajimare ba."

Maganar ta bi ni har kicin,
ta zauna kusa da ni ina kankare kwakwa.

Ya Almasihu, kai da aka ƙi a garinku,
ka san nauyin ƙofa in ta rufe a fuska.
Ban zo roƙon suna ba, ba na neman tafi.
Ka yafe mini shekarun da na binne a gwangwani
ina kiran ramin tawali'u.
Ka ba ni tsaga ɗaya kowace safiya,
siririya, a karkace,
da haƙurin ƙoƙo mai jiran ɗigo.

Na buɗe gwangwanin. Funfuna ta ci shafi goma sha ɗaya,
daidai wurin da kakata ke tuƙi cikin ambaliya.
Na yi kuka kaɗan, na fyace hanci,
na kwance zaren, na juya wasiƙun nan:
bayansu fari tas, takarda mai kauri,
ta fi wadda nake saye kyau.
A bayan "bai dace ba" na mayar da ita cikin kwalekwale.

Jiya na tura ta takwas. Ban san me za su ce ba.
Yanzu huɗu ta wuce da kwata,
sauro na kuka, shayina ya huce,
fitilarsa can, tawa nan,
layi uku sun ɗiga, ɗaya ruwa ne,
na kifar da shi, na matsa gaba.